Jerin import ya wuce a kwamfutata, a GitHub kuma yana faɗuwa: ina matsalar take?

Tambaya: Muna da aikin Django, kod ɗinmu yana cikin folda mai suna `backend`. A editana na sa isort da Black suna gyara fayil duk lokacin da na adana. Amma da na tura aiki GitHub sai Ruff ya tsayar da shi da gargaɗin I001 kan jerin layukan import, pylint kuma ya kawo C0411, wani ƙaramin fayil ɗaya kuma yana ba da E402. Na jera layukan da hannu daga A zuwa Z, duk da haka gargaɗin bai tafi ba. Shin in kashe waɗannan dokokin ne kawai in huta?

Amsa:

Ɗan'uwa, kada ka kashe su tukuna. Kuma ka daina jera layukan da hannu, don ba a haruffa matsalar take ba. Na sha zama da mutane kan irin wannan, kuma kusan kullum abin da muke tararwa shi ne kayan aiki uku ko huɗu kowanne yana yanke hukunci a kan fayil ɗaya, ba su kuma yarda da juna ba a kan tambaya guda: wannan kunshin na gida ne ko baƙo ne? Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A wurinka akwai isort mai jera import, akwai Ruff da pylint, wato linta masu duba kod su yi gargaɗi, ga Black mai tsara layi a gefe yana taɓa layukan shi ma.

Bari mu fara da abin da dukansu suke ƙoƙarin bi. PEP 8, takardar salon rubuta Python da aka fitar a 2001, ta ce a raba layukan import kashi uku, a bar layi ɗaya fanko tsakanin kowane kashi. Na farko laburaren da ya zo tare da Python kansa, irin su `os` da `json`. Na biyu kayan waje da ka sauko da su da pip, irin su `django` da `requests`. Na uku kod ɗinka na gida. PEP 8 ba ta ma ce a jera su bisa haruffa ba. isort ne ya ƙara wannan, ya kuma mayar da kashin biyar: `__future__` a can sama, sai ukun nan, sai na kusa masu farawa da ɗigo kamar `from . import views` a ƙasa. Ruff ya ɗauki tsarin isort kusan yadda yake, shi ya sa dokokinsa na wannan fanni suke farawa da harafin I.

To ga inda jerin hannu ke kayar da mutane. A cikin kowane kashi, tsarin asali na isort da Ruff yana sa duk layukan da suka fara da `import` a gaba, sannan waɗanda suka fara da `from` su biyo baya. Wato `import requests` zai zo kafin `from django.db import models`, ko da yake d ta riga r. Haka nan sunayen da ke cikin layi ɗaya ba bisa haruffa zalla ake jera su ba. Masu manyan baƙaƙe duka su ne farko, sai masu farawa da babban baƙi irin sunayen aji, sai ƙananan. Don haka `from x import TSAWO, Kaya, adana` daidai yake a wurinsu, ko da ido yana ganin kamar a juye yake. Wanda bai san waɗannan ƙa'idoji biyu ba zai kwana yana jerawa, gargaɗin yana nan daram.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka bar Ruff ya nuna maka da kansa abin da yake so, ba tare da ya taɓa fayil ɗin ba. A ce kana da kunsoshi biyu masu suna `kasuwa` da `asusu` a cikin `backend`. Ka tsaya a tushen aikin, inda GitHub ke tsayawa, ka rubuta:

```
ruff check --select I --diff backend/kasuwa/views.py
```

Ina kyautata zaton abin da za ka gani ke nan. Fayil ɗinka yadda isort ya bar shi:

```python
import json

import requests
from django.db import models

from asusu.models import Asusu
```

Ruff kuma yana so ya koma haka:

```python
import json

import requests
from asusu.models import Asusu
from django.db import models
```

Duba da kyau inda `asusu` ya faɗa. Ya shiga tsakiyar baƙi, tsakanin `requests` da `django`. Wannan shi ne ciwon, sauran duk alamu ne. Ruff bai san `asusu` naka ba ne.

Dalili kuwa yana cikin yadda kayan nan ke gane ɗan gida. Ba sa gudanar da kod ɗinka, ba sa kuma tambayar pip. Suna da jerin sunayen laburaren Python a cikinsu. Duk sunan da ba ya cikin jerin, sai su leƙa wasu foldoji su ga ko akwai folda ko fayil mai wannan suna. In sun samu, ɗan gida ne. In ba su samu ba, baƙo ne. Ruff yana leƙa tushen aikin, wato inda fayil ɗin saitinsa yake, kuma tun daga siga ta 0.6 da ta fito a 2024 yana ƙarawa da foldar `src`. Taka foldar sunanta `backend`, don haka ba ta cikin wuraren da yake dubawa. A kwamfutarka kuwa, in foldar `backend` ka buɗe a edita kuma isort bai samu wani saiti nasa ba, daga nan yake kallon duniya, `asusu` yana gabansa, sai ya kira shi ɗan gida. Kowannensu ya faɗi gaskiyar abin da ya gani daga inda yake tsaye.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ƙara rikita mutum. Za ka lura gargaɗin yana fitowa a wasu fayiloli, wasu kuma shiru. Ruff yana ɗaukar kunshin da fayil ɗin kansa yake ciki a matsayin na gida ko da bai same shi a waɗancan foldojin ba. Don haka fayil ɗin da ke cikin `asusu` in ya shigo da abu daga `asusu` ba za a ce komai ba. Sai fayil ɗin `kasuwa` ya ɗauko daga `asusu` sannan rigima ta tashi.

In kana son ka tabbatar da idonka, ka ƙara `--verbose` da `--no-cache` a umarnin nan na sama. Zai zubo layuka da yawa, ka nemi masu kalmar `Categorized`, za ka ga kowane suna da kashin da aka jefa shi. isort ma yana yin irin wannan da `-v`. Ina matsa wa mutane su yi wannan matakin ko da sun riga sun hango amsar, saboda minti biyu ne, kuma yana hana mutum canza saiti goma a makance.

Gyaran layi ɗaya ne a `pyproject.toml` na tushen aikin:

```toml
[tool.ruff]
src = ["backend"]

[tool.ruff.lint]
extend-select = ["I"]
```

Akwai wata hanyar, ka lissafa sunayen ɗaya bayan ɗaya a `known-first-party` ƙarƙashin `[tool.ruff.lint.isort]`. Tana aiki, amma ni ba na son ta a aikin Django, domin duk ranar da wani ya ƙirƙiri sabon kunshi ya manta bai ƙara sunansa ba, matsalar ta dawo. `src` kuwa sau ɗaya ake faɗa.

Ka kuma san cewa abin yana iya zuwa ta baya, baƙo ya zama ɗan gida. Sanannen misali shi ne `wandb`, laburaren da masu horar da na'ura ke amfani da shi. In ka gudanar da shi yana ƙirƙirar folda mai suna `wandb` a inda kake aiki don ajiye bayanansa. Yawanci ana sa foldar a `.gitignore`, don haka tana kwamfutarka amma ba ta GitHub. Linta ya leƙa a wurinka ya ga foldar, ya ce ɗan gida ne. Ya leƙa a can bai gani ba, ya ce baƙo ne. Fayil ɗaya, saiti ɗaya, siga ɗaya, hukunci biyu. Maganinsa ka rubuta sunan a `known-third-party`. Duk lokacin da ka ga suna guda ɗaya tak yana yawo tsakanin kashi biyu, ka duba ko akwai folda mai irin sunansa a tushen aikinka. Ruwa ba ya tsami banza.

Sigar Python ma tana da hannu wani lokaci, tunda jerin laburaren asali ba ya tsayawa wuri ɗaya. `zoneinfo` ya shigo a 3.9, `tomllib` a 3.11, `distutils` kuma an cire shi a 3.12. In Ruff yana zaton aikinka na 3.10 ne, zai ajiye `import tomllib` cikin baƙi. Ka tabbata ka cika `requires-python` a `pyproject.toml`, daga nan yake karanta sigar in ba ka ba shi `target-version` ba.

Yanzu batun sarakunan. Shawarata kai tsaye ita ce ka zaɓi ɗaya ya riƙe jerin import, sauran ka cire musu hannu. Tunda Ruff ne ke tsaron ƙofa a GitHub, shi ya kamata ya zama mai gyara a editanka. Ka cire isort daga cikin abubuwan da ke gudu lokacin adanawa, ka sa Ruff a madadinsa. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: `ruff format` ba ya jera import. Tsarin rubutu kawai yake gyarawa, irin su tazara da tsawon layi. Jerin yana ƙarƙashin `ruff check --select I --fix`. Sai ka fara gudanar da wannan, sannan mai tsara layi ya biyo.

In kuwa abokan aikinka sun fi son a zauna da isort, babu laifi, kayan aiki ne mai kyau da ya daɗe yana hidima. Amma sai ku kashe I a Ruff, ku sa isort ɗin a GitHub ma, ku kuma rubuta `profile = "black"` a ƙarƙashin `[tool.isort]`. In babu wannan layin, isort yana yanke layi a baƙi 79 yana jera ragowar sunaye a ƙarƙashin baka, Black kuma yana yankewa a 88 yana sa kowane suna a layinsa da waƙafi a ƙarshe. Wannan ya gyara, wancan ya warware, har abada. Tun daga isort 5, wanda ya fito a 2020, wannan layi ɗayan ya wadatar a sasanta su.

C0411 na pylint, wanda sunansa `wrong-import-order`, shi ne kaɗai zan ce ka kashe ba tare da wata damuwa ba. Tambaya ɗaya yake yi da I001, sai dai yana da nasa saitin na gane baƙo da ɗan gida, kuma ba ya gyara komai, ƙorafi kawai yake yi. Ka sa shi da ɗan'uwansa `ungrouped-imports` a jerin `disable` na pylint. Pylint yana da amfani mai yawa a wasu wurare, yana kama kurakuran da sauran ba sa gani, amma a nan maimaici ne. Haka in akwai flake8, wani linta, da ƙarin `flake8-import-order` a wani tsohon saiti, masu ba da I100 da I201, shi ma ya sauka, don salonsa na asali ya bambanta da na isort.

Kafin ka ce ka gama da saiti, ka leƙa ko babu wani tsohon fayil da ke shan gaban naka. Waɗannan kayan ba sa haɗa saiti daga wurare biyu. isort yana ɗaukar na farko da ya samu ne, kuma `.isort.cfg` yana gaban `pyproject.toml`. Ruff yana fifita `.ruff.toml` da `ruff.toml` a kan `pyproject.toml`, kuma yana bin saitin da ya fi kusa da fayil ɗin da yake dubawa. Wato in akwai wani `pyproject.toml` mai sashen Ruff a cikin `backend`, shi zai yi mulki a can, naka na tushe ya zama ado. flake8 kuwa ba ya karanta `pyproject.toml` sam. `ruff check --show-settings` tare da sunan fayil zai nuna maka saitin da ake aiki da shi a zahiri, isort kuma yana da `--show-config`. Sannan ka ɗaure sigar. Lambar da ke `rev` a saitin pre-commit, mai gudanar da dubawa kafin a ajiye canji a Git, da wadda GitHub ke saukowa, da wadda ke kwamfutarka, su zama ɗaya. Ƙarin Ruff na VS Code yana zuwa da tasa sigar, yana iya komawa gare ta in bai samu wata a muhallin aikinka ba.

Saura E402, kuma a nan nake so ka rage gudu, domin wannan ba irin sauran ba ne. I001 da C0411 maganar tsafta ce. E402 yana cewa akwai import da ya zo bayan wani kod, ba a saman fayil ba. Sau da yawa sakaci ne, sai a mayar da shi sama. Amma wani lokaci da gangan aka ajiye shi a can, kuma in ka ɗaga shi shirin zai mutu. A Python, import ba sanarwa ba ce kawai. Layin yana gudanar da fayil ɗin da aka kira daga sama har ƙasa, a daidai lokacin da aka iso kansa. Don haka abin da ya faru kafin layin yana iya canza abin da zai faru a cikinsa.

Tunda ka ce ƙaramin fayil ne ɗaya a aikin Django, ina jin kamanninsa ke nan:

```python
import os

import django

os.environ.setdefault("DJANGO_SETTINGS_MODULE", "shago.settings")
django.setup()

from kasuwa.models import Kaya
```

In ka bi gargaɗin ka ɗaga layin ƙarshe sama, Django zai tsaya da kuskure, ko dai ya ce ba a ba shi saiti ba, ko ya jefo `AppRegistryNotReady`, domin ba a shigo da model kafin `django.setup()` ya yi rajistar kunsoshin. A nan linta bai san abin da ka sani ba. Ka rubuta `# noqa: E402` a ƙarshen layin, ka sa gajeren bayani a samansa cewa dole ya zo bayan `setup`. Ka rubuta lambar dokar, kada ka bar `# noqa` tsirara, don tsirarar tana rufe bakin duk wani gargaɗi a layin, har da wanda kake bukatar ji. In irin waɗannan fayilolin suna da yawa a folda ɗaya, `per-file-ignores` ya fi tsafta. Mafi kyau duka kuwa, ka mayar da shi umarnin Django, ka ajiye shi a `management/commands`, ka kira shi da `manage.py`. Shi `manage.py` yana yin `setup` kafin ya iso kod ɗinka, sai duk layukan import su hau sama lafiya, gargaɗin ya tafi da dalilinsa.

Irin wannan yanayi yana da 'yan'uwa da ya kamata ka gane fuskarsu. `monkey.patch_all()` na gevent ana kiran sa tun kafin a shigo da sauran laburare, don ya sauya `socket` da makamantansa kafin wani ya riƙe na asali. `TF_CPP_MIN_LOG_LEVEL` ana saita shi kafin `import tensorflow`. `from __future__ import annotations` kuwa Python da kansa ya wajabta ya zo farko, in ba haka ba `SyntaxError` ne. Abin da ke kwantar da hankali shi ne isort 5 da Ruff ba sa tsallake kod su kwaso import daga ƙasa. Kowane rukunin da ke jere suke gyarawa a inda yake. Sai in wani ya kunna `float_to_top` a isort, to wannan zai kwashe komai ya kai sama, don haka ka duba ko yana cikin saitinku.

Haɗarin da ya fi ɓoyewa yana cikin rukunin da ke jere, musamman a `__init__.py`. Na taɓa aiki da wata tawaga da muka gudanar da gyaran jeri a kan aikin gaba ɗaya da yammacin wata Alhamis. Fayiloli da yawa suka canza, linta ya yi shiru, muka ji daɗi. Da muka tayar da shirin sai ga `ImportError`, yana cewa ba zai iya ɗauko wani suna daga `partially initialized module` ba. Muka bi sawu muka tarar da layuka biyu a wani `__init__.py` sun yi musayar wuri. Fayil na farko yana bukatar na biyu, na biyun kuma yana komawa ya ɗauko abu daga kunshin da bai gama lodawa ba. Tsohon jerin ne kawai ya rufa wa wannan zagayen asiri shekara da shekaru, ba wanda ya sani. A daren mun sa `# isort: skip_file` a saman fayil ɗin don aiki ya ci gaba, kuma Ruff ma yana girmama wannan alamar, da `# isort: off` da `# isort: on` da `# isort: split`. A makon da ya biyo muka yi gyaran gaske. Ɗaya daga cikin import ɗin don bayanin nau'i kawai ake bukatarsa, sai muka sa shi ƙarƙashin `if TYPE_CHECKING:`, ɗayan kuma muka fitar da abin da fayilolin biyu ke rabawa zuwa fayil na uku. Daga nan muka cire alamar. Ban ga laifin mai jerin ba ko kaɗan, rauni ne da ke jikin kod ɗinmu ya fito da shi fili.

Saboda haka ranar da za ka gyara aikin duka, ga yadda nake so ka bi. Ka fara da saitin, ka gwada shi a fayil ɗaya da `--diff` har sai abin da ya nuna ya yi daidai da hankali. Sannan ka gudanar da `--fix` a kan komai, ka karanta canjin duk wani `__init__.py` da `settings.py` da `wsgi.py` da idonka, ka gudanar da gwaje-gwajenku, ka kuma tayar da shirin da kansa. Wannan gyaran ya zama komit nasa shi kaɗai, kada ka cakuɗa shi da wani aiki, don mai dubawa ya san babu abin da ya canza sai jeri. Ka sanar da abokan aiki kafin ka haɗe shi, saboda duk mai reshe a buɗe zai ci karo da saɓani a saman fayiloli. Bayan ya shiga, ka ɗauki lambar komit ɗin ka sa a fayil mai suna `.git-blame-ignore-revs` a tushen aikin. GitHub yana karanta wannan fayil ɗin da kansa, a kwamfuta kuma kowa zai nuna wa Git shi da `git config blame.ignoreRevsFile .git-blame-ignore-revs`, wanda ke aiki tun daga Git 2.23. Ta haka `git blame` zai ci gaba da nuna wanda ya rubuta kowane layi tun asali.

In ka sa `src = ["backend"]` kuma I001 bai tafi ba, ka turo min abin da `--diff` ya nuna a fayil ɗaya, da layukan `Categorized` na wannan fayil ɗin, da sakamakon `ruff --version` daga kwamfutarka da kuma daga GitHub. Da waɗannan ukun za mu gano sunan da ya ɓata hanya.